Kwana Huɗun da Na Roƙi Kawu

Daga Allah muke, kuma gare Shi Kawu ya koma ranar wata Alhamis da hantsi, a kan gadon asibiti cikin garin Abuja. Kafin la'asar an kawo shi gida Paikon Kore, an yi masa sutura, an kai shi makwancinsa. Maza suka dawo daga maƙabarta suka zazzauna a tabarmi ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida. Mu mata muna ciki tare da Inna, matarsa, wadda ta jingina da bango ta miƙe ƙafa. Duk wanda ya yi mata gaisuwa sai dai ta ɗaga kai ta sauke.

Wadda ta fi kowa kuka ba 'yar gidan ba ce. Maƙwabciyarmu ce ta bayan katanga, wadda muke kira Mama, Kirista ce da mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta shigo ba takalmi, ta zube a tsakar gida tana dukan ƙasa, tana faɗa da irin Hausarta da ba ta bambanta namiji da mace: “Baba ta tafi ba ta gaya mini ba! Baba ta yi mini wayo! Wa zai duba ni yanzu?” Sai da mata uku suka taru suka ɗaga ta.

Da yamma wani tsoho ya iso daga Maitama, direban gidan da Kawu ya yi aikin lambu shekara da shekaru. Bai samu jana'iza ba. Ya tsaya a zaure ya aika a kira ni, domin ya san ni tun ina ƙarama. Ya ce, “'Yata, shekaranjiya na wuce ta gaban gidan. Itatuwan da ya dasa sun haura katanga, inuwarsu har titi. Masu gidan na yanzu ba su san wanda ya dasa su ba.” Ya share ido da hularsa, ya ƙara da cewa, “Amma dai ya huta.”

Wannan kalmar ita kowa ya zo da ita. Liman ya ce ya huta. Yaya, babban ɗansa, yana amsa gaisuwa a waya yana cewa, “Ai Baba ya sha jinya, ya huta.” Matan unguwa da suka ga yadda ƙafafunsa suka kumbura, su ma haka. Ni kuwa duk wanda ya faɗa sai in ji kamar an taka mini ƙirji. Ba don ƙarya suke yi ba. Don na san abin da ba su sani ba game da kwanakinsa na ƙarshe, kuma da hannuna a ciki. Ina rubuta wannan ne saboda ina tsoron nan da shekara biyu a manta da mutumin, a riƙa tuna majinyacin kawai. Kuma saboda abin ya ƙi barina.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ta rasu ina da shekara huɗu, mahaifina bai daɗe ba ya bi ta. Kawu ya je har garinmu ya ɗauko ni, ya kawo ni ɗakin ma'aikata da ke bayan gidan ogansa, ya miƙa ni ga Inna ya ce ga ƙarin baki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, tun ina yawo ba ɗankwali har na gama jami'a. Idan na yi laifi sai ya ce, “Yanzu idan uwa ta yi haka, ɗa ya yi yaya?” Iyakar faɗansa ke nan, kuma ya fi mini bulala zafi.

Mutum ne da ba ya iya wuce tsiro bai taɓa shi ba. Ko gidan biki aka je, za ka gan shi ya tsuguna gaban tukunyar fulawar mutane yana cire busasshen ganye, ya cusa yatsa cikin ƙasa ya ji ko da laima. A aljihun rigarsa kullum akwai 'yar wuƙa mai naɗewa da guntun zare. Idan mutum biyu suka ɗaga murya a gabansa ba ya tambayar wa ke da gaskiya, sai ya ce, “A ba su ruwa tukuna.” Shi a ganinsa yawancin masu faɗa ƙishirwa ce ke damunsu ba su sani ba. A Maitama ya sha faɗa wurin Madam, matar ogansa, saboda yana zura tiyo ta ƙarƙashin get, masu talla da leburori su cika gorunansu. Ta hana, ya ce to, washegari ya sake zurawa. Da ta gaji sai ta sa aka kafa famfo a waje.

Da ya ajiye aikin ya koma Paikon Kore, inda ya daɗe da mallakar fili, ya kama noman doya. A shekarar mijin Mama ya rasu ya bar ta da gona da 'ya'ya mata ƙanana. Kawu bai je ya yi mata dogon jawabi ba. Da lokacin tara ƙasar doya ya yi, ya saɓa garma ya shiga gonarta, bai taɓa tasa ba sai da ya gama tata. Damina uku yana haka. Inna ta yi ƙorafi cewa doyarsu kullum ita ce ta ƙarshe a unguwa, ya ce, “Tamu tana da mai ita, ba inda za ta.”

Ni kuma da na gama karatu na samu aiki tare da wasu likitoci masu bincike a kan ciwon zuciya. Ba magani muke bayarwa ba, tambaya muke yi. Suna so su san yadda mutane ke auna nauyin kowane hali da ciwon ke jefa mutum a ciki, domin masu tsara harkar lafiya su san inda abin ya fi ƙuna. An ba mu katuna, kowanne yana bayyana wani hali: wannan mai ciwon ƙirji ne lokaci-lokaci, wancan wanda ya tashi daga bugun zuciya ne, wani kuma zuciyar ce ta yi rauni gaba ɗaya. Sai mu karanta wa mutum kati mu ce ya zaɓa: shekara goma a wannan hali, ko shekara tara da cikakkiyar lafiya? Idan ya ɗauki tara mu sauko takwas, mu yi ta saukowa har inda zai ce duk ɗaya ne a wurinsa. Yawan shekarun da ya yarda ya sarayar su ke nuna yadda halin ya yi masa nauyi. A lissafin likitocin, cikakkiyar lafiya ɗaya ce, mutuwa sifili, sauran duk suna tsakani.

Aikin ya fi yadda na zata wuya. Wani maigadi ya miƙo mini katina ya ce rai ba nasa ba ne balle ya yi cinikinsa. Wata mai sayar da atamfa ta kore ni daga shagonta, ta ce baki nake yi mata. Don haka wata Asabar na tafi gida in gwada a kan Kawu, in ga ko Hausar tawa ce ba ta fita.

Na same shi a gindin mangwaro yana wasa garma. Na zauna a kan turmi na karanta masa katin raunin zuciya: mutum ne da yake haki ko tsakar gida ya taka, ƙafafunsa a kumbure, ba ya iya aikin ƙarfi, ba ya iya kwanciya sai an tokare shi da matashi.

Ya ce, “Zai iya zuwa gona?”

Na ce, “Ba a rubuta ba, Kawu.”

“Zai iya kai goshinsa ƙasa?”

“Shi ma ba a rubuta ba.”

“To me suka rubuta ke nan?”

Na lallaɓa shi muka fara. Goma ko tara, ya ce tara. Goma ko takwas, ya ce takwas. Ina shirin cewa bakwai ya ɗaga mini hannu. “Uwata, kada ki wahalar da bakinki. Ba ni biyu lafiyayyu, su riƙe takwas ɗinsu.”

Inna ta leƙo daga madafi ta ce, “Malam, wannan wace irin magana ce da tsakar rana? Ke kuma kwashe takardunki.” Ya yi dariya har da tari. Da na gaya masa cewa a lissafin mutuwa sifili ce, ya ajiye dutsen wasa ya dube ni. “Wa ya je ya dawo ya gaya musu?”

Ba a yi shekara ba ciwo ya kama shi. Dama ya daɗe da hawan jini, yana shan magani idan ya tuna. Da farko tari ne, sai takalminsa ya daina shigarsa, sai wata rana Mama ta same shi zaune a kan kunya rabin hanyar gona, ya dafa gwiwa yana neman numfashi. Likita ya ce zuciyar ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Ina zaune ina sauraro sai na ji likitan yana jero mini abin da ke katina, layi bayan layi. Na kasa kallon Kawu. Ji nake kamar ni na kira abin da bakina, kamar yadda mai atamfa ta faɗa.

Ya daina zuwa gona, Yaya ya sa aka ci gaba da nome masa. Sallah ta koma a kan kujera, da nuni. Ranar farko da ya yi ta haka, Inna ta ce da ya idar ya daɗe yana kallon tabarmar da ke shimfiɗe a gabansa, sannan ya ce a naɗe ta. Na yi tsammanin zai karye. Sai ga shi ya sa an jera masa gwangwanayen madara a baranda, ya cika su da ƙasa, yana renon irin lemo da barkono daga inda yake zaune.

Wata rana na zo duba shi, shi da kansa ya ce, “Katin nan naki yana jaka? Kawo ki sake tambayata.”

Na ce ba na so. Ya ce uwa ba ta ƙin ɗanta. Na karanta. Goma ko tara?

“Goma.”

“Goma a wannan halin, ko tara da rabi da lafiya?”

“Goma.”

“Ko wata ɗaya ba za ka bayar ba?”

“Ko sati. Wancan mutumin da ya ba ki amsa bara bai san komai ba, ki goge tasa. Ashe a zaune ma ana rayuwa. Ina shan kunu da Innarki da safe. Jiya lemon can ya fito da ganye na uku. Wa zan ba wa wannan?”

Na kai wa likitan da ke jagorantar aikinmu labari. Ya ce ba sabon abu ba ne, sau da yawa wanda ke cikin ciwon ba ya ganin muninsa kamar mai kallo daga waje. Na ce, “To amsar wa za a ɗauka, ta mai lafiya ko ta majinyaci?” Ya ce su ma gardamar da suke yi ke nan. Ni dai na riƙe amsar Kawu ta biyu da hannu bibbiyu. Tunda ya ce yana son goman, na ɗaura ɗamarar sai ya same su, ko yana so ko ba ya so.

Nan na zama abin da ba na son tunawa. Likita ya ce a rage masa gishiri, a kuma auna ruwan da zai sha a yini, kada ya wuce gora ɗaya da rabi. Na sayi gora na zana mata layi da biro. Na kwashe dunƙulen daddawa da magi daga madafin Inna. Na auna shi a sikeli duk zuwan da na yi. Ranar da na kama Mama ta miƙo masa farfesun kifi ta kan katanga, na yi mata maganar da ban taɓa yi wa babba ba. Ta ce, “Baba ta ce bakinta ba daɗi, ni kuma in yi yaya?” Na ce idan ya mutu ita ce sila. Allah Ya yafe mini.

Sai ranar tulu. Akwai wani tulu da ya sayo a Ushafa tun ina makarantar firamare, yana cewa ruwansa ya fi na firiji. Na shigo gida da azahar, zafi kamar a gasa mutum, na same shi ya lallaɓa har gindin tulun, ya jingina da bango, moɗa na bakinsa. Ban yi sallama ba. Na fizge moɗar, ruwan ya zube a rigarsa.

Na ce, “Kashe kanka kake so ka yi? Ka shanye na yau tun safe!”

Bai ɗaga murya ba, ba shi ma da numfashin ɗagawa. Ya dubi rigarsa, ya dube ni. Ya ce, “Shekara talatin ina ba itatuwan mutane ruwa. Ban taɓa tsayawa a kan ko ɗaya ina cewa ya isa ba, alhali ina ganin ganyensa a langaɓe.” Ya juya yana bin bango ya koma kujerarsa. Ban ba shi haƙuri ba. Na sa aka ɗauke tulun aka kai ɗakin ajiya, na koma cikin gari ina kuka a mota, ina gaya wa kaina gaskiyata ce. Washegari ya kira ni a waya. Bai ambaci komai ba. Ya ce yana so ya ji ko na isa lafiya.

Na sani, ta fuskar magani ban yi kuskure ba. Ruwan zai iya cutar da shi. Amma da na ce, “Kawu, kurɓa ɗaya ka ajiye,” me zai ragu da ni?

Kwanciyarsa ta ƙarshe a asibiti tsakiyar damina ce. Sati biyu yana ɗakin maza, robar iska a hancinsa, gadonsa kusa da taga mai kallon bangon wani gini. Yakan ce, “Ko ganye ɗaya babu a tagar nan.” Ranar Lahadi likitar da ke duba shi ta kira ni da Yaya gefe. Ta ce ba za ta ɓoye mana ba, zuciyar ta kai ƙarshen ƙarfinta, ƙoda ma ta fara gazawa. Akwai wata allura ta jijiya da za a iya gwadawa na kwana huɗu, wataƙila ruwan ya ragu, wataƙila ba abin da zai canja. Idan kuma muna so mu kai shi gida, za ta ba mu maganin da zai sauƙaƙa masa numfashi, ba za ta ga laifinmu ba.

Ashe ya ji. Da muka dawo ya ce, “Ku kai ni gida. Doyata ta kusa. Ko ban haƙa ba, in ga ana haƙa. Ku shimfiɗa mini a gindin mangwaro.”

Yaya ya ce, “To Baba, bari in nemo mota.” Ya fita. Inna ta ɗauki buta ta ce za ta yi alwala. Aka bar ni da shi.

Na durƙusa a ƙasa na riƙe hannunsa. Yatsun sun kumbura, sun yi sanyi.

Na ce, “Kawu, kwana huɗu kawai.”

“Uwata, na gaji.”

“Likita ta ce ruwan zai iya raguwa.”

“Ta ce wataƙila. Na ji ta.”

“Kai ka ce mini ko sati ba za ka bayar ba.”

Ya daɗe yana tara numfashi. “Na faɗa. A gida na faɗa, ina ganin sama. Wannan ba shi ba ne katin. Wannan wani ne daban, ba ki karanta mini shi ba.”

Da na yi shiru a nan, da yanzu ba na wannan rubutun. Amma tsoro ya rufe mini ido. Na kifa kaina a kan hannunsa na ce, “Idan ka tafi wa ka bar mini? Ba ni da uwa, ba ni da uba, kai kaɗai ne. Ka ce ni uwarka ce. To uwarka ta ce ka zauna.”

Na san abin da na yi tun kafin in rufe baki. Na ɗauki sunan da ya ba ni don ƙauna na ɗaure shi da shi. Ya lumshe ido. Na zaci ma barci ya ɗauke shi, sai na ji ya ce, “Kwana nawa kika ce?”

“Huɗu.”

“To. Uwa ta yi magana.”

Da Yaya ya dawo, Kawu ya ce masa ya sallami mai mota, ya canja shawara. Yaya ya dube ni, na kawar da kai.

Litinin ya ɗan farfaɗo. Ya sha koko rabin kofi, kumburin ƙafa ya ɗan saki. Na fita baranda na kira duk wanda na sani ina cewa Kawu ya samu sauƙi, ina dariya kamar mahaukaciya. Talata ba ci gaba. Ya tambayi Inna ko an yi ruwa a Paikon Kore, ta ce an yi, ya ce a gaya wa Mama ta kawar da gwangwanayensa daga bakin indararo. Laraba ya fara rikicewa. Hannunsa na ta tsinkar bargo a hankali, kamar mai cire busasshen ganye. Amma duk safiya, ko bai gane kowa ba, sai ya nemo ni da ido ya ce, “Saura nawa?” Bai taɓa cewa in sake shi ba. Ni kuma ina gani, ina ji, ban taɓa cewa, “Kawu, ya isa, mu tafi,” ba. Kullum ina cewa gobe allurar za ta kama.

Alhamis da safe ya ce, “Yau ne?”

Na ce, “Yau ne, Kawu. Yaya yana hanya da mota.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ya ce Inna ta sa masa hularsa.

Na tafi karɓo takardar sallama da magungunan gida. Layi ne mai tsawo, na yi kusan awa guda. Da na dawo na tarar an ja labule a gadonsa. Inna na ciki tana riƙe da kansa, ita ta laƙƙana masa kalmar shahada. Hular na kansa, ta gyara masa ita daidai. Ina tsaye da ledar magani a hannu wayata ta yi ƙara, Yaya ne yana cewa ga shi a bakin get, mu fito da Baba a hankali. Motar da ya kawo ita ta kai shi gida.

Ya cika mini kwana huɗun, bai rage ko ɗaya ba. An haƙa doyar bayan sati biyu.

Na koma bakin aiki domin ba ni da wani. Har yanzu ina karanta wa mutane katuna, ina rubuta amsarsu, kuma na yarda aikin yana da amfani, domin gara a tambayi mutum da a yanke masa. Sai dai duk sanda na ce wa wani ya zaɓa, ina sane da cewa ranar da zaɓin zai zo da gaske ba shi kaɗai zai kasance a ɗakin ba. Za a samu wata ta durƙusa a gefen gado tana riƙe da hannunsa. Ba wanda ya tambaye ni shekara nawa zan sarayar don kada in rabu da Kawu. Da an tambaye ni da na ce duka. Amma ba nawa na bayar ba, nasa na karɓa.

Kwana arba'in ina ɗauke da wannan ni kaɗai. Ranar addu'ar arba'in, bayan mutane sun watse da la'asar, na shiga ɗakin Inna. Tana cikin takaba, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na zauna a gabanta na gaya mata komai, har da kalmomin da na yi amfani da su. Na ce ni na hana shi mutuwa a gidansa. Na ce ta yi mini duk abin da ta ga dama.

Ba ta daina ɓarar gyaɗar ba sai da na gama. Sannan ta ce, “Na sani.”

Na ɗago kai.

Ta ce, “Ban je alwala ba. Ina bakin ƙofa da butata, na ji ku tun daga farko. Da na so, taku biyu ne in shigo in ce ki rabu da shi. Ban shigo ba. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa ce wa Malam a'a ba, ranar ma bakina ya kasa. Amma ni ma so nake ya zauna. Ina tsaye ina roƙon Allah kada ki yi shiru.” Ta share hanci da gefen mayafi. “Ke kika faɗa, amma mu biyu muka riƙe shi. Idan akwai alhaki, ki bar mini rabina, kada ki cinye ke kaɗai.”

Na faɗa jikinta. A ranar na fara ganin hawayenta tun da aka yi rasuwar. Muka yi kuka har aka kira magariba, gyaɗar ta watse a tabarma ba wanda ya kula.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka da gajiyarsa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa, Ka karɓi sallolin da ya yi a zaune kamar ya yi su a tsaye. Mu biyun da muka kasa sakinsa kuma, Ka san abin da ya sa. Ka yafe mana.